Tambaya da Amsa: Shin Ibla ce kakar dukkan banakul?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin halittu a nan Yamai. Kundin kammala karatuna a kan banakul ne, halittun nan na teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da gindin jirgin ruwa. Na rubuta cewa Ibla, wani jinsin banakul, ita ce kakar sauran, tunda surar jiki da DNA duk sun sa ta a gindin bishiyar dangi. Mai duba aikina ya ja mata jan biro, bai ce min uffan ba. Ga ranar kare kundi ta matso, barci ma ya gagare ni. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, jimla ɗaya ce ta karkace. Sai dai jan biron nan yana da gaskiya.

Abin da kika karanta game da Ibla haka yake. Sassan ɓawonta huɗu ne, kuma da kalsiyam fosfat aka gina su, alhali sauran Thoracica masu rai, wato babban rukunin banakul da Ibla take ciki, da kalsiyam kabonat suke gina nasu. Da aka jera sassan DNA da ake kira 18S da 28S da H3, reshenta ya fita tun daga tushe, har rabe-raben da aka sabunta a 2021 ya ware masu fosfat gefe guda, masu kabonat gefe guda.

Inda kika zame shi ne inda kusan kowane ɗalibi ke zamewa, kuma wallahi na gaji da ganinsa. Rabuwa da wuri ba kakanci ba ce. Duk rassa biyu da suka fito daga gaɓa ɗaya shekarunsu ɗaya. Ɗan baffanki da ya tashi ya koma Tahoua tun kafin a haife ki bai zama kakanki ba, ɗan uwa ne da ya yi nisa. Ibla da ke raye yau ta yi miliyoyin shekaru tana nata juyin halitta, daidai da banakul ɗin da ke manne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Dubi ƙananan mazan Ibla da Darwin ya bayyana a 1851, waɗanda ke zaune a cikin jikin babbar, ba su da aiki sai barbara. Wa ya ce miki kakan farko haka yake? Watakila fosfat ɗin gado ne na dā, to wannan sifa ɗaya ce, ba dabbar gaba ɗaya ba.

Kuma rashin sassa da yawa ba ya nuna tsufa. Sacculina, wata 'yar dangin banakul, ba ta da ɓawo, ba ƙafa, ba hanji, sai jijiyoyi da take bazawa cikin kaguwa tana tsotsarta har ta hana ta haihuwa. Mai kallon ido zai rantse ita ce ta farkon farko. Ƙanananta masu iyo ne suka tona asirinta wa masanin halittu Thompson a 1836, daga baya DNA ya nuna danginta, wato Rhizocephala, sun fi kusa da Thoracica a kan Acrothoracica masu haƙa rami a ɓawon wasu. Zubar da sassan Sacculina ta yi. Haka banakul ɗin Neolepas, da aka bayyana a 1979 daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan tekun Fasifik: an yi ta kiranta ragowar zamanin dā, binciken DNA kuma ya nuna danginta ba su kai wannan tsufan ba. Hatta raba banakul gida biyu, masu kara da marasa kara, bai tsira ba.

Me ya sa nake zafi a kan 'yar halittar da yawancinmu ba mu taɓa gani ba? Domin wannan tunani na tsani, wani a ƙasa wani a sama, ba ya tsayawa a teku. Tsofaffin takardun darasi da ake ta gurzawa a injin kwafi shekara da shekaru har yau tsanin suke zanawa, ba wanda ya damu ya gyara. Daga can yake gangarowa WhatsApp da TikTok, inda wani da bai taɓa buɗe jerin DNA ba zai ɗaga hoton bishiya ya ce ƙabila kaza ita ce asali, ƙabila kaza ta tsaya a baya. Ya samu masu kallo, ya bar mutane da gaba. Ku da kuka shiga aji kuka san yadda ake karanta bishiyar dangi, in kun yi shiru, wa zai ƙaryata shi?

Ki goge jimlar ki rubuta: zuriyar Ibla ita ce 'yar uwar dukkan sauran Thoracica masu rai. Ki zana bishiyar sau biyu, a ta biyun ki juya rassan Ibla ta koma ɗaya gefen. In an tambaye ki ranar kare kundi, ki nuna musu duka biyun, ki ce dangantakar ɗaya ce.