Fedar da ke haɗiye bugun yatsa: amsa ga mai koyon bes

Yarona, ka ce kana son feda, wato 'yar na'urar nan da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, wadda za ta riƙa ɗaga maka sautin jitar bes da kanta, ka kaɗa tsirkiya ba a ji bugun yatsa ba, sai dai sautin ya taso a hankali kamar na goge, kuma kana tambayar wacce za ka saya. Kafin in kira maka sunan ko ɗaya, tsaya ka duba yadda kake kaɗawa. Kana kashe kowane sauti kafin ka shiga na gaba, ko kuwa kana barin tsirkiya tana amo ka ɗora wata a kai? Amsar wannan ce za ta zaɓa maka feda.

Kakar waɗannan na'urori ita ce Slow Gear SG-1 ta kamfanin Boss, wadda ta fito a 1979 aka daina ƙera ta a 1982. Ba ta yi kasuwa ba a lokacinta, yanzu kuwa masu tara tsofaffin kaya sun sa ta yi tsada, don haka cire ta daga ranka. Amma ka san yadda take aiki, domin Behringer SM200, da Mooer Slow Engine, da TC Electronic Crescendo duk sawunta suka bi. Mamurɗi biyu gare su. Na farko, mai suna Sens, shi ke yanke irin ƙarfin da sai siginarka, wato sautin da bes ke turawa ta waya, ta kai kafin feda ta buɗe. Na biyu, Attack, shi ke yanke tsawon lokacin da za ta ɗauka tana buɗewa. In ba ka kaɗa komai ba a rufe take. Ka kaɗa, ƙarfin ya wuce iyakar da ka sa, ta fara sakin sauti kaɗan-kaɗan har ya cika. Ba za ta sake rufewa ba sai ƙarfin ya faɗo ƙasa da iyakar nan, kuma in ba ta rufe ba babu abin da za ta buɗe a bugu na gaba.

A nan bes ke ba da wahala. Tsirkiyarsa mai kauri ce, in ka kaɗa ta takan daɗe tana amo da ƙarfi. Sai ka ga sautin farko ya taso lafiya lau, na biyu da na uku kuwa sun fito da bugunsu ƙarara kamar ba ka taka komai ba. Masu koyo da yawa sukan ce fedar ta lalace ko jabu ce. Lafiyarta ƙalau, shiru take jira ba ka ba ta ba. Maganinsa a hannunka yake: ka ɗan sassauta yatsan hagu, ka kwantar da na dama a kan tsirkiya, ka bar ɗan gajeren shiru, sannan ka kaɗa na gaba. Sauran tsirkiyoyin ma dole su yi shiru, domin ɗaya tana gunaguni a ƙasa ta isa ta hana feda rufewa.

Akwai kuma batun zurfin sauti. Tsirkiyar E ta ƙasa, wato mafi kauri, ta jita mai tsirkiya shida tana karkarwa kusan sau 82 a sakan ɗaya. Ta bes sau 41. In bes ɗinka mai biyar ne, B ta ƙasa kusan sau 31 ce, wato zagaye ɗaya na karkarwarta yana cin kimanin milisakan 32 (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Sashen da ke auna ƙarfi a cikin irin wannan feda an fi gwada shi da jita. In yana da saurin amsawa sosai, sai ya riƙa bin hawa da saukar karkarwar kanta, ka ji sautin yana rawa ko yana yankewa a wutsiya. In yana da nawa, sai ya makara. Shi ya sa wadda ta burge ka a hannun mai jita take iya ba ka kunya a tsirkiyarka ta ƙasa. Ƙari a kan haka, tsirkiyar ƙasa ta fi ta sama fitar da ƙarfi, to in ka saita Sens don G ta sama ta samu shiga, E ba ta barin feda ta rufe, in ka saita don E, G ba ta iya buɗe ta. Wuri ne ɗan ƙanƙani a tsakiya za ka nema. Bes mai batir a ciki ya fi matsa wannan wuri, saboda siginarsa ta fi ƙarfi. Rage ƙarar daga jikin bes ɗin tukuna, ka mayar da abin da ka rasa a amfilifaya.

To, in kiɗanka na dogayen sautuka ne ɗaya bayan ɗaya, a waƙa mai tafiyar hawainiya, ɗaya daga cikin masu mamurɗi biyun nan ta ishe ka, kuma za ta gyara maka hannu ko ba ka so. Ni na fi son mai koyo ya fara da ita saboda haka.

In kuwa kana kaɗa tsirkiya biyu ko uku suna amo tare, ko kana zarcewa daga sauti zuwa sauti babu yankewa, kada ka ɓata kuɗinka a kansu. Nemi mai aiki da lissafin dijital, wadda ke gane sabon bugu ko da tsohon bai mutu ba. Kamfanin Electro-Harmonix sun sake fito da fedarsu Attack Decay a 2019, kuma ta zo da wani yanayi mai suna Poly da ke ba kowane sauti tashinsa daban. POG2 tasu ma tana da abin ja na Attack da ke yin irin wannan aiki, daga baya kuma suka ware shi cikin ƙaramar feda mai suna Swello. Abin da za ka kasa kunne a kai shi ne, irin waɗannan sukan taɓa launin sautin, wani kunnen ya ji kamar an ɗan goge masa kauri ko an sa masa ƙamshin kibod. Wasu wannan suke nema. In kai sautin katako da ƙarfe kake so tsantsa, ka saurara da kyau kafin ka biya.

Ka kuma duba abin da ke gabanka. In kana da na'ura mai haɗa ayyuka da yawa, irin Zoom MS-60B ko Line 6 HX Stomp, akwai wannan aikin a ciki. Zauna da shi mako biyu, za ka san ko da gaske kana buƙatar feda ta musamman.

Wurin da ka ajiye ta a jerin fedojinka ya kai zaɓenta muhimmanci. Sa ta kusa da bes, ta ji hannunka kai tsaye. In kwamfireso, mai daidaita ƙarfin sauti, ya riga ta, zai ɗaga wutsiyar sauti ya hana ta ganin shirun da take jira. In ya biyo bayanta ka matse shi sosai, zai ɗaga farkon tashin da kake so ya yi laushi, ya gajarta shi. Ko dai ka kashe shi a wannan waƙar, ko ka bar shi sama-sama. Fedar faz, mai sa sauti kaushi, ita ma haka take, har ta fi, domin ƙaramin sauti da babba duk ɗaya take mayar da su. Attack Decay ta warware wannan da ramuka biyu na fita da dawowa: tana auna bugunka daga tsabtatacciyar sigina, ta ɗora tashin a kan abin da ya dawo daga faz. Fedojin amsa-kuwwa da ribab, mai ba sauti amo irin na babban ɗaki, kullum bayanta suke zuwa. Su ne ke cike ɗan shirun da ka bari tsakanin sautuka, har mai sauraro ya ɗauka babu yankewa. Rabin kyan da kake ji a faifai daga nan yake.

Sai lissafin lokaci. A waƙa mai bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, rabinsa 250. In ka saita tashin ya ci 300 kana kaɗa rabi-rabi, babu sautin da zai cika kafin ka bar shi, sai bes ya ɓace a cikin kiɗa. Kuma tunda ka cire kan sautin, kunne zai ji kamar ka makara. Dole ka riga bugun da ɗan kaɗan don cikar ta sauka daidai da gangar ƙafa. Faɗa wa mai ganga tun a wurin gwaji, don a wannan sashen shi kaɗai ke riƙe da lokaci.

Za ka ji ana cewa fedar ƙara ta ƙafa ta fi duk waɗannan. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙafa na iya tsawaita wannan ta gajarta wancan, abin da mamurɗi ɗaya ba zai yi ba. In ita ka zaɓa, kamfanin Ernie Ball suna yin mai lamba 250k don bes marar batir, da mai 25k don mai batir, kada ka musanya su. Murɗa ƙara da ɗan ƙaramin yatsa kuwa yana yiwuwa a bes samfurin Precision mai mamurɗin ƙara ɗaya, amma Jazz Bass biyu gare shi, sai ka kashe ɗaya ka haƙura da rabin muryarsa.

Ranar gwaji ka je da naka bes da wayar jona shi. Fara da tsirkiyar ƙasa a sake, ka bar ta ta mutu da kanta, ka ji ko wutsiyar tana lafawa sumul ko ana datse ta. Sannan ka kaɗa sautuka huɗu a jere da saurin waƙar da kake nufi, ka ƙirga nawa suka taso nawa suka kuɓuce. Koma tsirkiyar sama ba tare da ka taɓa Sens ba. A ƙarshe ka kunna fedar ka kashe kana riƙe da sauti ɗaya, ka ji ko kaurin ƙasa yana raguwa. Ka duba wutar da take ci kuma: yawancinsu bolt 9 ne, amma masu dijital sun fi jan wuta, in ka haɗa su a wayar wuta ɗaya da sauran sukan shigo maka da tsuwa, wadda kuwa a tsakiyar shirun nan kowa zai ji ta.