Gwamnan Niyok ba ya raba takardun zama

Wasiƙar wannan makon daga Bronx, a birnin Niyok na Amurka, ta fito. Mai wasiƙar yana da girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, shekara biyar ke nan, yana tara kuɗin neman zama ɗan ƙasa da na kawo matarsa. Ƙanensa ya shigo da bizar ziyara, ta ƙare, ya yi zamansa, yanzu yana kai wa mutane kaya da lasisin tuƙi na jiha. Wani ejan ya ce yana da mutane a ofishin gwamna a Albany, babban birnin jihar Niyok: a ba shi dala 4,000 ya "juya" lasisin ya zama takardar zama, amma a yi maza kafin zaɓe, don sabon gwamna zai soke komai. Hajiyarsu kuwa kullum tana kan waya daga gida: "Ka biya, ɗan'uwanka ne." Tambayarsa ɗaya ce: ya biya?

Ɗan'uwana, ko sisi kada ka ba ejan nan. Takardun zama na gwamnatin tarayya ne, hukumar shige da fice ta USCIS ke bayarwa. Gwamna ba shi da girin kad a aljihun teburinsa, ballantana masinjansa. Ɗauki lasisin ƙanen naka ka duba, a jikinsa an rubuta cewa ba ya aiki a harkar tarayya.

Sai dai ejan ɗin nan ba wawa ba ne, ya cuɗa ƙaryarsa da ƙwayar gaskiya. Maganar lasisi ta daɗe tana hawa da sauka da gwamnoni. A zamanin George Pataki, wanda ya yi mulki daga 1995 zuwa 2006, aka tsaurara bayan harin 11 ga Satumba 2001, marasa takarda suka rasa hanya. Eliot Spitzer ya zo a 2007 ya ce zai buɗe ƙofar da umarninsa shi kaɗai, aka yi masa ca, kafin shekarar ta ƙare ya janye. A watan Maris 2008 abin kunya ya sa ya ajiye mulki, mataimakinsa David Paterson ya hau, baƙar fata na farko a kujerar. Sai a watan Yuni 2019 majalisar jiha ta zartar da dokar Green Light, wadda ta ba marasa takarda damar samun lasisin tuƙi, Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu. Shi ma Cuomo ya yi murabus a Agustan 2021, mataimakiyarsa Kathy Hochul ta karɓa, mace ta farko, ta kuma ci zaɓen 2022. Abin dariya, ita Hochul ɗin tana cikin waɗanda suka ƙi shirin Spitzer lokacin tana akawun gundumar Erie. Ga ta a kan kujera, lasisin kuma yana nan.

Ka lura da abu biyu. Na Spitzer umarni ne, ya tafi da iska. Na 2019 doka ce, wanda duk ya hau ba zai soke ta da alƙalaminsa ba sai majalisa ta bi shi, ko kotu ta ture ta. Sannan tun 2008 gwamna biyu sun sauka wa'adinsu bai cika ba, ka taɓa jin wanda girin kad ɗinsa ya mutu da safiyar rantsar da magaji? Mu da muka tashi a gida muka ga sabon gwamna yana soke filayen da na baya ya raba, mun saba da wannan tsoron, shi ya sa ejan ke kaɗa mana shi.

Inda gwamna ke taɓa ɗan ci-rani da gaske shi ne afuwa: wanda aka taɓa samu da laifin jiha, yafiyar gwamna kan iya tsare shi daga kora. Paterson har kwamiti ya kafa don haka a 2010. Ƙanenka bai yi laifi ba, wannan ba ƙofarsa ba ce.

To me ejan zai yi da dala 4,000? Na ga irinsa. Wani yaro ya zo mini da murna, wai takardar aiki ta fito. Da muka bincika, ashe neman mafaka aka cike da sunansa, da labarin ƙarya da bai taɓa karantawa ba. Ranar kotu ta zo, lambar ejan ba ta shiga. Idan alƙali ya yanke cewa da gangan aka shirya ƙaryar, ƙofa ta rufu har abada. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fid da shi. Lauya mai lasisi, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, su kaɗai doka ta yarda su ba da shawara a wannan harka. Can za ka kai ƙanenka, ka biya kuɗin ganawa ɗaya, a duba ko yana da wata hanya ta gaskiya. Kada ka yi masa alkawarin naka takardun: mai girin kad ba ya nema wa ɗan'uwa, ɗan ƙasa ma layin 'yan'uwa ya fi shekara goma.

Yanzu Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya, uwa ce, hankalinta a tashe yake. Amma ni ina bayanka. Biyayya ba ta ce ka miƙa guminka ga ɓarawo don a ce ka yi zumunci ba. Matarka da ke zaune tana jira ita ma hakki gare ta, kuma na lura ba wanda ya ambace ta sai kai. Ƙanen nan da ke tuƙi kullum, nawa ya ce zai sa daga aljihunsa? Ban ga wannan a wasiƙarka ba.

Ka shigar da takardunka na zama ɗan ƙasa. Cikin tambayoyin jarrabawar akwai sunan gwamnan jiharku, ka duba shi a makon ganawar, kada ka dogara da tsohuwar takardar da ake yawo da ita a masallaci. Hajiya kuma kada ka ce mata "ba zan biya ba". Ka ce, "Na samo masa lauya, ranar kaza za mu je." In kun fito, ka ba ƙanen wayar ya gaya mata abin da lauyan ya ce da bakinsa.