Ɗana hotuna kawai yake kallo a littafi, anya ba asarar kuɗi nake ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema, yarona shekararsa huɗu, na saya masa littattafan yara masu zane har guda uku amma wallahi ko kallon rubutun baya yi, hotunan kawai yake bi yana ta surutu shi kaɗai, in na fara karanta masa ma sai ya kama hannuna ya ce in tsaya bai gama gani ba. Babansa ya ce wannan wasa ne ba karatu ba, gara a saya masa mai ABCD zalla. Ya kike gani? Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya raya mana shi. Ni dai da na karanta saƙonki daɗi na ji, musamman wajen da kika ce yana riƙe hannunki ya ce bai gama gani ba, domin yaron nan karatu yake yi, kawai dai ba irin wanda mu manya muka saba kira karatu bane. Yaro yana iya karanta fuska da hannu da tsayuwar mutum tun kafin ya san alif ko baƙin A, toh shi yasa in ya buɗe littafi zanen ne ƙofar da yake shiga ta cikinta.

Bari in ba ki misali da abinda na gani da idona. Akwai 'yar ƙanwata da na taɓa zana wa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da biro a bayan tsohuwar kalanda, a wani shafin na rubuta cewa Gizo ya rantse bai taɓa naman ba, amma a zanen sai na sa hannunsa ɗaya a baya riƙe da tsoka, ga kuma maiƙo a bakinsa. Ina cikin karantawa yarinyar nan ta daka tsalle tana nuna wajen da yatsa tana cewa ƙarya yake Anti, gashi can ya ɓoye! Kinga abinda ya faru kenan, rubutu ya faɗi abu ɗaya, zane ya tona wani, ita kuma ta haɗa biyun ta gano gaskiya da kanta ba wanda ya gaya mata. Wannan haɗawar ita ce fahimtar karatu da ake ta fama da 'yan aji huɗu da biyar a kanta, ga 'yar shekara huɗu ta yi ta tana dariya. Har yau in ta zo gidana sai ta nemi wannan kalandar duk da ta yage.

Kuma masu yin littattafan nan ba da ka suke zuba hotunan ba. Yawancinsu shafi 32 ne saboda yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a, don haka mai zane yana lissafin kowane shafi, inda zai sa kura ta leƙo da kai kaɗan a gefen dama don yaro ya ƙagu a juya, inda zai yi duhu da shuɗi in dare ya yi ko tsoro ya shigo, inda zai bar yaro ƙarami tsakiyar fili shi kaɗai don a ji kaɗaicinsa ba sai an rubuta ba. A Amurka tun 1938 suke ba da lambar yabo ta Caldecott duk shekara, kuma mai zanen ake ba wa, ba marubucin ba. Abin ma ba sabo bane, tun 1658 wani malami mai suna Comenius ya fitar da littafin koyar da yara a Turai wanda aka jera hoto da sunayen abubuwan dake cikinsa. Mu ma nan waɗanda suka yi firamare da Ka Koyi Karatu za su gaya miki da zane aka fara jan mu.

Amma fa kada mu kwashe wa Baban yaro ƙafa gaba ɗaya, yana da tasa gaskiyar. Zane yana ba yaro kalmomi da ma'ana da son littafi, amma baya koya masa cewa in aka haɗa harafin b da a su ne "ba". In ya kai shekara biyar zuwa shida ya fara haɗa baƙi, sai ki lura kada ya riƙa kallon hoto yana cinkar kalma, ya ga akuya ya ce akuya alhali bunsuru aka rubuta. A lokacin sai ki ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar ku furta ta tare. Yanzu kam a shekara huɗu babu gaggawa, littafin ABCD ɗin a saya masa, amma kar a ƙwace waɗannan.

Abinda zan roƙe ki shi ne in ya riƙe hannunki ki tsaya ɗin. Ki tambaye shi me ya gani, waye wannan, me yasa fuskarta ta yi haka, me kake jin zai faru in mun juya, in ya ce mage sai ki ƙara masa ki ce eh baƙar mage ce ta hau katanga, kinga ya samu kalmomi uku a kan ɗayan da ya kawo. Ko da littafin na Turanci ne ku yi hirar da Hausa, ba laifi ko kaɗan, minti goma bayan sallar isha ya wadatar. Wata rana kuma ki miƙa masa ki ce yau kai zaka karanta min, ki yi shiru ki saurari wannan surutun da kike ji yana yi shi kaɗai, zaki ji labari ne da farko da ƙarshe.

Abu ɗaya dake ci min rai shi ne yawancin waɗanda ake samu a kasuwanninmu zanen wasu ƙasashe ne, ƙanƙara tana zuba, gida mai bututun hayaƙi, ba ƙwarya ba murhu ba rumbu, ba yaro mai kama da naki. Ba wai ganin na wasu laifi bane, amma ki gwada nuna masa zanen da akwai uwa da goyo tana daka a turmi ki ga yadda zai ce ga Umma. In kina da waya mai intanet ki duba African Storybook da StoryWeaver, dukansu kyauta ne kuma akwai labarai da Hausa masu zane, kina iya saukewa ki kai shagon da ake buga takardu a fitar miki a ɗinke. Ki gaida min da shi, kuma ki sa Babansa ya zauna ranar da yaron zai karanta miki.