Na girma, amma har yanzu ina kewar komik ɗin ƙuruciya: lafiyata ƙalau kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 47, a Gwammaja na tashi, ina da 'ya'ya huɗu. Kwanan baya muna kwashe kayan wani ɗaki a gidanmu na gado sai na ci karo da tsohuwar adakar yayana, cike da komik ɗin da muke karantawa muna yara, su Spider-Man da Superman, da wasu littattafan tafiya sararin samaniya. Gara ta cinye kusan rabi. Na zauna a ƙasa ina buɗawa har aka kira magariba, ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Maiɗakina ta ce furfura ta kama ni amma ƙuruciya ta ƙi saki na. Na kai wa yarana, suka ɗan jujjuya suka koma kan waya. Wannan kewar lafiya ce? Sannan babban ɗana ya ce akwai wani wasa da ake zama a kewaye tebur ana ƙirƙirar labari, wai Dungeons & Dragons. Mene ne shi, kuma ya dace da gidan Musulmi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lafiyarka ƙalau, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Da dai a ƙarni na 17 ka zo da wannan ƙorafi a Turai, to da magani za a rubuta maka. A 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙiro kalmar da Turawa ke kiran wannan yanayi da ita, wato nostalgia, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin komawa gida da kuma ciwo. Sojojin haya 'yan Suwizalan da ke yaƙi a ƙasashen wasu ake gani suna ramewa don begen garuruwansu, aka ɗauka cuta ce. Yau masana halayyar ɗan Adam sun bar wannan ra'ayi. Abin da suka lura da shi shi ne, idan ka ce wa dattijo ya ba ka labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai tuna da kyau ya faru ne tsakanin shekara goma zuwa talatin na rayuwarsa. Lokacin ne komai yake sabo, kuma lokacin ne mutum ke gano ko shi wane ne. Masu son almarar kimiyya, wato ƙagaggun labarai irin na tafiya sararin samaniya, a Amurka ma suna da wani barkwanci, wai idan aka tambaye su wane zamani ne aka fi rubuta labarai masu daɗi, sai su ce zamanin da kake ɗan shekara goma sha biyu.

Inda kawai zan ce ka kula shi ne idan kewar ta fara hana ka barci, ko ta sa ka ji yau ba ta da wani ɗanɗano sam, har kana janye jiki daga iyali da majalisa. Wannan ya wuce tuna baya, sai a ga likita. Amma mutum ya zauna a gaban adaka ya yi hawaye sau ɗaya? Ni ma da nake koyar da adabi na yi wanda ya fi haka.

Bari in yi maka wata tambaya. Komik nawa ka taɓa karantawa kai kaɗai, daga bangon farko zuwa na ƙarshe, a jere yadda aka buga su? Na san amsar, domin zamaninmu ɗaya. Kusan babu. Lokacin da ka kai shekarun karatu, tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya riga ya karya darajar naira, sababbin mujallun waje sun fi ƙarfin aljihun yaro. Abin da ke zuwa hannunmu gwanjo ne daga masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa wajen Sabon Gari da Bata: fitowa ta 112 yau, ta 87 bayan wata biyu, wata babu bango, wata an yage shafin ƙarshe an ƙunshe ƙosai da shi. Jarumi na rataye a saman bene, an rubuta za a ci gaba, mu kuwa ci gaban ba zai taɓa iso mu ba. To me muke yi? Mu taru a soro ko kan dakali bayan makarantar allo, wanda ya fi jin Turanci ya fassara, rabi daidai rabi ƙari, sauran mu cike giɓin da bakinmu. A yi ta musu ko wane ne zai kayar da wani tsakanin Hulk da Superman har a kusa dambe. Washegari a sake labarin Voltron da aka gani a talabijin ɗin maƙwabta ga wanda aka ɗauke wa wuta a layinsu.

Wannan taron ne ya sa ka kuka. Takardar ƙamshinta kawai ta tuna maka. Shi ya sa kuma yaranka suka mayar maka da ita bayan minti biyu: ka miƙa musu ƙwarya, furar kuwa an shanye ta shekara talatin da suka wuce. Kada ka ga laifinsu. Yaron da ya ga Spider-Man yana tsalle a fim mai launi ba zai girgiza da zanen da ya koɗe ba.

Akwai wani abu da nake so ka sani, don kada ka ɗauka wannan sha'awa baƙuwa ce da ta shigo mana a kwali daga Amurka. Gaskiya ne Superman a can aka haife shi a 1938, Spider-Man a 1962. Amma a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauke mutum a kan wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Bahaushe da wani baƙo daga sama ya ɗauka suka shiga sararin samaniya. Almarar kimiyya ce cikakkiya, da Hausa, tun kafin a haife ka. Iyayenmu kuma sun yi zamanin Lance Spearman, ɗan sandan ciki mai hula da kwat na mujallar African Film, wadda hotunan mutane na gaske ake jerawa a maimakon zane. A 1975 an fito da Powerman, baƙin jarumi da aka yi don kasuwar Nijeriya, ko da yake Turawan Ingila ne suka zana shi, cikinsu har da Dave Gibbons da ya yi suna daga baya. Shekara guda bayan nan Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a Legas, inda Papa Ajasco ya fito. In kuwa za a koma can baya, mutumin da ya tashi da Gandoki da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi ba ya buƙatar a koya masa son jarumin da ke yin abin da ya fi ƙarfin mutum.

Wani gargaɗi kafin ka ci gaba da karanta na cikin adakar: wasu ba za su yi maka daɗi ba yanzu. Za ka ga labarin da ka ɗauka teku ne ashe kududdufi ne. Za ka kuma ga yadda wasu tsofaffin zane-zanen Turai suka mayar da baƙar fata abin dariya, kamar littafin Tintin na Kwango, abin da idon yaro bai kama ba. Ni ban ga dalilin kare irin waɗannan don kawai mun so su muna yara ba.

Wanda gara ta bari kuwa, ka cece shi. Takardar komik irin ta jarida ce mai arha, tana da sinadarin da ke sa ta yin ja ta kakkarye in ta sha haske da zafi. Ka kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, ka ware waɗanda gara ta taɓa, ka kwantar da sauran a kwali mai tsabta a saman kabad, nesa da bango da ƙasa saboda laimar damina. Kada ka liƙa salatif, yana barin tabo, kada kuma ka kai a yi musu laminetin, don ba a warware shi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya. Kuma kada wani ya ruɗe ka da labarin cewa an sayar da fitowar farko ta Superman a kan dala miliyan 6 a 2024. An sayar ɗin, amma wancan na 1938 ne kuma a adane yake. Naka da gara ta yi wa ado darajarsa a zuciyarka take.

Sai maganar wasan, wadda a ganina ita ce babbar dama da ɗanka ya miƙo maka ba tare da ya sani ba.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, shi ne kuma ya buɗe ƙofar irin waɗannan wasanni. Ba allo ba ne irin na dara da ake cin wani. Mutum huɗu ko biyar ke zama. Ɗaya shi ne mai jan labari: shi ke cewa ga inda kuke, ga abin da ke gabanku. Sauran kowa na da jaruminsa da aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan hannunsa a takarda. Mai jan labari ya ce, kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga ƙurar mahaya a bayanku, me za ku yi? Wani ya ce zan yi iyo, wani ya ce zan nemi mai kwalekwale. In abin da mutum ya zaɓa yana da haɗari sai a jefa ƙwaya irin ɗan lido a ga ko ya dace. Nasu ƙwayoyin har da mai fuska ashirin. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai jan sa.

Ka ga ai tatsuniya ce da aka ba masu sauraro izinin sa baki. Kakarmu na cewa ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, daga nan sai shiru har ƙurunƙus. A nan kuwa yaro ne Gizon, shi zai nemo dabarar da zai fita daga hannun kura. Kuma shi ne ainihin abin da kuke yi a soro da komik mai yagaggen shafi.

Ya dace da gidan Musulmi? Abu biyu ne a ciki, kuma ba zan rufe maka ko ɗaya ba. Na farko, duniyar da aka gina asalin wasan a kai cike take da bokaye da tsafi da allolin ƙarya. Ko a Amurka, a shekarun 1980 wasu iyaye da coci-coci sun tayar da ƙura a kansa. Amma wannan riga ce kawai, ana cire ta a sa wata. Tun 1977 akwai Traveller, wanda labarinsa na fatauci ne da kumbo tsakanin taurari, kuma da ɗan lido biyu na gama-gari ake yin sa. Na biyu shi ne ita ƙwayar. Akwai hadisi a kan wasan nardi, malamai kuma sun yi bayani a kan wasa da ƙwaya ko da babu kuɗi a ciki. Wannan fagen malaminka ne, ni ba mai fatawa ba ne, ka tambaye shi. Wasan dai bai dogara da ita ba. Kana iya ba kowane yaro tsakuwa biyar, duk sanda yake so jaruminsa ya tsallake wani haɗari sai ya biya ɗaya, in sun ƙare sai dabara. Na gwada haka da ɗalibai, har ya fi sa su tunani, don kowa na ƙyashin tsakuwarsa.

In ka samu natsuwa da ƙwayar, ga lissafin da zai taimake ka. Idan aka jefa biyu, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa. Samun bakwai ko fiye yana zuwa ta hanya 21, wato ya ɗan fi rabi, sai ka sa shi ga abu mai matsakaicin wuya. Goma ko fiye hanya 6 ce kacal, ka ajiye ta ga aikin ganganci. Iyakar dokar da kake buƙata ke nan a daren farko. Kada ka sayi littafin dokoki mai shafi ɗari uku da dala, yara za su gudu kafin ka gama babi na ɗaya.

Labarin kuma kada ka je nesa nemansa. Kakanninmu sun yi ta tafiya daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, sayo goro, tafiyar watanni, ga madugu mai shugabantar ayari, ga jagaba mai duba hanya, ga 'yan fashi, ga sarakunan da sai an biya su kafin a wuce, ga kogin Kwara da za a haye da jakuna. Raba wa yaran waɗannan muƙamai, ƙaramar ta zama mai riƙe da kuɗin ayari, za ka sha mamakin rowarta. In kuma jininka na sararin samaniya ne ya motsa, ɗauke ayarin ɗungurungum ka kai shi shekara ta 2200: kumbo ya tashi daga gindin Dala ɗauke da fatu da shuɗaɗɗun yadin Ƙofar Mata zuwa kasuwar duniyar Mas, injin ya tsaya a rabin hanya, ruwan sha ya rage na kwana uku.

Ka zaɓi dare ɗaya a mako bayan isha'i, awa ɗaya ta isa, a tara wayoyi a cikin kwano har da taka. Daren farko kai za ka ja labarin, na biyu ka bar wa babban, tunda shi ya kawo maganar. Ka yanke labarin a daidai inda ya fi zafi, ƙofar kumbo ta fara buɗewa daga waje, ka ce sai Juma'a mai zuwa. Za su yi ƙorafi, ka ƙyale su. Hajiya kuma a ba ta sarauniyar 'yan fashi.