Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar da Ke Rubuta Kod da Kanta, a Saya ko a Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne a ɗan kamfaninmu a Kaduna, muna haɗa wa makarantun kuɗi manhajar rajistar ɗalibai da biyan kuɗin makaranta da fitar da sakamako. Wani dillali ya nuna mana wani dandali da za ka zana tsarin aikin kawai, shi kuma ya fitar da manhajar. Da dala ake biya duk shekara. Mu shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin mu zo kan dala, ku ɗauko aikin makarantu uku na ƙarshe da kuka yi, ku jera su ku duba. Idan bambancinsu bai wuce sunayen azuzuwa, tsarin ba da maki da launin tambari ba, to aikinku ya kai a riƙa fitar da shi daga zane. Idan kuwa kowace makaranta da irin nata rikicin, ku dakata. Mai gina ɗaki ɗaya ba ya sayen injin buga bulo.

Abin da dillalin ke talla ba sabo ba ne. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja, wadda ta amince da UML (ƙa'idar zana tsarin manhaja) a 1997, ta fito da wani tsari mai suna MDA a 2001 da burin a zana manhaja, inji ya mayar da zanen ya zama kod, wato rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi. Burin fitar da kowace irin manhaja daga zane bai cika yadda aka so ba. Inda abin ya karɓu shi ne fagen da aka taƙaita sosai. Da wata manhaja mai suna SCADE aka fitar da kod na sarrafa jirgin Airbus A380, injiniyoyin motoci kuma suna fitar da kod na yaren C daga zanen da suka yi a manhajar Simulink. A nan gida ma, duk wanda ya taɓa aikin tattara bayanai da ƙungiyoyin agaji ya san KoboToolbox ko ODK. Kana buɗe Excel, ka rubuta irin tambayar a layin tsaye na farko, sunanta a na biyu, yadda za ta fito da Hausa a na uku, ka ɗora, sai ga fom a waya yana aiki ko babu intanet. Ba ka rubuta kod ba, amma fa fom kaɗai yake iya yi, kuma shi ya sa yake yinsa da kyau.

Manyan dandalin haya irin su Mendix, wanda Siemens ta saya a 2018, da OutSystems da Power Apps na Microsoft, suna aiki, ba na ƙaryata su. Damuwata a kanku take. Kuna karɓar naira daga makarantar da sai iyaye sun biya kuɗin zango take biyanku, ku kuma ana jiranku da dala. Ku tambayi dillalin a rubuce: ranar da muka daina biya, manhajar makarantun za ta ci gaba da aiki? Za mu iya ɗauke kod ɗin mu dasa a sabarmu, wato kwamfutarmu da ke ɗauke da manhajar? Farashin yana hawa ne da yawan masu amfani? In ya fara kame-kame, kun sami amsa.

Ni dai ba zan sa hannu bana ba. Ku fara da fayil ɗaya mai bayanin makaranta da 'yan samfuran da za su cike sauran. In kuna aiki da Java, JHipster kyauta ne, yana fitar da rumbun bayanai da shafuka daga ɗan gajeren bayani. Xtext na Eclipse da MPS na JetBrains ma kyauta ne, idan kun kai ga ƙirƙirar yarenku na bayyana wa injin tsarin aiki. Sai dai kada mutum ɗaya kaɗai ya san cikin injin, domin ranar da ya sami aiki a waje, ku ukun za ku sha wuya.

Tambaya: Malam, ni mai rubuta manhaja ce a Kano. Duk gyaran da na yi a kod ɗin da inji ya fitar, da an sake kunna injin sai ya ɓace. Akwai wanda zan saya da ba ya haka?

Amsa: Malama, ki adana kuɗinki. Fayil ɗin da inji ya fitar na inji ne, galibi ma akwai gargaɗi a samansa cewa kada a taɓa. Gyara iri uku ne. Wanda ya shafi tsarin bayanai, a zanen za ki yi shi. Wanda ya kamata ya fito a ko'ina, a samfurin injin. Wanda ya keɓanta da wuri ɗaya kuma, ki buɗe naki fayil ɗin da zai gaji na injin, ki zuba dabararki a can. Idan EMF, injin fitar da kod na Eclipse, kike amfani da shi, za ki ga alamar @generated a saman kowane sashe. Ki ƙara mata NOT ta zama @generated NOT, injin zai tsallake wurin. Kada dai ki yawaita, don idan zanen ya canza, waɗannan wuraren ke za ki bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Maraɗi. In biya kwas ɗin UML, ko ChatGPT ya riga ya kashe wannan harka?

Amsa: Bai kashe ba, ɗana. Injin fitar da kod, in ka ba shi zane ɗaya sau goma, abu ɗaya zai ba ka sau goma. ChatGPT yana iya canzawa daga tambaya zuwa tambaya, kuma masu jirgin sama da banki ba sa wasa da wannan. Amma kwas na kuɗi bai zama dole ba. Ka koyi zanen azuzuwan bayanai da zanen sauyin yanayi daga darussan kyauta, sannan ka rubuta bayanin OpenAPI (tsarin bayyana yadda wata manhaja za ta yi magana da taka) na ƙaramin kantin magani, ka sa OpenAPI Generator ya fitar maka da kod, ka zauna ka karanta abin da ya fitar layi-layi. Kuɗin kwas ɗin ka sayi data da su.