Rigar Babur ta Mace: Ajiye Almakashin Tukuna

Ɗana, ka tambaye ni kan rigar babur ɗin nan ta maza da malamar asibiti ta sayo a gwanjo ta yi mata yawa: ko za ka matse ta ta gefe ka datse hannun, yadda muke yi wa kwat? Ajiye almakashin, juyo cikinta mu duba.

Ka ga aljihunan nan da ke jikin shafi, a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya? Nan ake zura soson kariya, kuma dominsu aka ɗinka rigar, don in mutum ya faɗi waɗannan gaɓoɓin na cikin masu fara dukan kwalta. Zaro ɗaya. Wannan EN 1621-1 da aka buga a jikinsa ma'aunin Turai ne na kariyar gaɓoɓi, na baya kuma EN 1621-2, kuma mai mataki na 2 ya fi na 1 shanye bugu. Amma komai kyan soso, in bai zauna daram a kan gaɓa ba, bai tsare komai ba.

A nan matsalar take. An yanka rigar ne a jikin namiji, mai faɗin kafaɗa da dogon hannu. Mace kuwa galibi kafaɗarta ba ta kai haka ba, kwankwasonta kuma ya fi ƙugunta faɗi. Dole ta ɗauki wadda zif zai rufe mata a ƙasa, sai kafaɗa ta zubo: soson kafaɗa ya koma damtse, na gwiwar hannu ya gangaro wajen wuyan hannu. In ka datse hannun daga ƙasa, a ido ya yi daidai, amma soson yana nan inda ya ɓata. Shafin za ka farke, ka ɗaga aljihun zuwa inda gwiwar hannunta take.

Kada a yi awon nan a tsaye. Ka ce ta zo da babur ɗin, a kafe shi, ta hau ta kama kan. Kira 'yar'uwarka ta ɓangaren mata ta riƙe tef da alli, kai ka tsaya gefe kana rubutawa. Da ta miƙa hannu za ku ga hannun riga ya ja sama, baya ya ɗage. A wannan zaman za a sa alli a tsinin gwiwar hannu. Haka wando: gwiwa na lanƙwashe ake sa alama, kuma a ƙara masa tsawo ta baya kada ƙugu ya buɗe in ta sunkuya.

Ɗinkin waje kuwa, na kafaɗa da bayan hannu, kada ka taɓa shi sai dole. Ninki biyu ko uku aka yi masa, wani layin a ɓoye, don kada kwalta ta cinye zaren. In za ka matse, nemi ɗinkin cikin hannu da na ƙarƙashin hammata, ka sa zaren nailan mai kauri irin na dukawa, ka bi sau biyu. Zarenmu na atamfa ba zai yi ba.

Za ta ce maka ba ta son kaya su kama ta, kuma tana da gaskiya. Sai rigar kariya ta zauna cif daga ciki, ka ɗinka mata ta sama mai walawa, marar nauyi saboda zafin bazara, wadda ba ta wuce gwiwa ba. Wannan ne ya fi damuna a duk aikin. Na taɓa ganin hijabi har ƙasa ya shiga sarƙar babur ya fizgo baiwar Allah ta wuya, har yau abin bai bar raina ba. Yi mata gajeren hijabi, wanda za ta cusa cikin riga ta ja zif a kai. Babu fil, babu allura a ƙarƙashin hular kwano.

Hular ba aikinmu ba ce, amma tunda tef na hannu a auna mata kai, daga saman gira a zagayo. Santimita 55 zuwa 56 yawanci S ce, 57 zuwa 58 kuma M. Ta gwada da irin kitso da ɗankwalin da take fita da su, ta nemi mai tambarin ingancin hula na ECE (Turai) ko DOT (Amurka). In ta girgiza kai hular ta juya, ta yi yawa. Safar hannu ma ta maza yatsunta kan yi saura su hana kama birki, ta gwada tana matsa birkin.

Ɗauko reza ka fara farke shafin hannun dama, a hankali, kafin ta iso.