Waya ɗaya, yara uku, darasi daga gida

Malama, kin tambayi yadda yaranki uku da ke makarantar Katolika za su bi darasi daga gida alhali waya ɗaya ce a gidan. Ki roƙi shugabar makarantar ta sa malamai su riƙa turo darasin ta WhatsApp, da murya da hoton allo, domin kowane yaro ya saurari nasa idan wayar ta zo hannunsa.

Da korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020, na ga yadda darasin bidiyo kai tsaye ta manhajar Zoom ke cinye data, kuma da sabis ya yanke yaro ya yi asararsa ke nan. Sai dai dole babba ya zauna da ƙaraminsu, ya duba littafinsa kafin a tura wa malami hoton aikin.